Takardar da Aka Saya Domin Biza: Nazarin Wata Inshorar Tafiya daga Samaru zuwa Holan

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, masanin aikin gona ne da ya shafe fiye da shekara 25 yana binciken irin masara da dawa a Samaru, kuma da izininsa nake rubuta wannan bayani, bisa sharaɗin ba zan ambaci sunansa ko sunan kamfanin da lamarin ya haɗa su ba. Na bi al'amarin tun daga ranar da aka sayi inshorar har ranar da kuɗin diyya suka shiga asusunsa, domin ni na tattara takardun, ni kuma na rubuta wasiƙun. Abin da ya same shi zai iya samun mutane da dama a gari irin Zariya, inda malaman Jami'ar Ahmadu Bello, da likitocin asibitin koyarwa na Shika, da ɗalibai masu neman ƙaro ilimi, da 'yan kasuwar Sabon Gari ke yawan fita ƙasashen waje, kuma da yawansu yanzu a waya suke sayen inshorar tafiya.

An gayyace shi taron bita na kwana 10 a wata jami'ar aikin gona da ke Holan, a farkon lokacin sanyi. Holan tana cikin ƙasashen yarjejeniyar Shengen, waɗanda biza guda ke shigar da mutum dukkansu, kuma dokar bizar Tarayyar Turai ta 2009 ta wajabta wa mai neman bizar gajeren zama ya gabatar da inshorar lafiya ta tafiya wadda ba ta gaza Yuro 30,000 ba. Dole ne ta yi aiki a dukkan ƙasashen yankin, ta game duk kwanakin da mutum zai yi, ta kuma ɗauki nauyin jinyar gaggawa, da kwanciya a asibiti, da mayar da matafiyi gida idan ciwo ya tsananta ko rai ya yi halinsa. A shekarun baya, duk lokacin da irin wannan tafiya ta taso, Kawu kan je ofishin wani dillalin inshora a Kaduna, ya ɓata yini guda, ya dawo da takarda mai hatimi. A wannan karon 'yarsa, wadda ke karatu a jami'a, ta ce ya bar mata wayarsa bayan sallar isha'i.

Adalci ne a faɗi alherin manhajar sayar da inshora da yarinyar ta yi amfani da ita a wayar kafin a faɗi inda ta gaza. Cikin ƙasa da minti 15 yarinyar ta ɗauki hoton fasfo, ta sa ranar tafiya da ranar dawowa, ta zaɓi ƙasa, manhajar ta jera mata tsare-tsare uku da farashinsu, ta ɗauki mafi araha wanda ya kai adadin da ofishin jakadanci ke nema, ta tura kuɗin daga banki, takardar shaida ta shigo imel nan take. Babu kuɗin mota zuwa Kaduna, babu la'adar ɗan tsakiya, babu kuma fargabar takardar jabu irin wadda wasu masu haɗa takardun biza ke buga wa mutane a shagon kwamfuta. Sashe na 50 na Dokar Inshora ta 2003 ya tanadi ƙa'idar cewa inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta, kuma biya ta banki yana barin shaida mai ɗauke da rana da lokaci, wadda babu mai musanta ta. Wannan shaidar ta yi mana rana daga baya.

Tsakanin zaɓen tsari da biyan kuɗi akwai tambaya guda da Turanci, da wurin danna e ko a'a. Yarinyar ta fassara masa: "Baba, suna tambaya ko kana da wani ciwo da ka daɗe da shi." Ya ce, "Lafiyata ƙalau, alhamdulillahi." Ta danna a'a, ta wuce. Alhali Kawu ya shekara takwas yana haɗiyar ƙwayar hawan jini kowace safiya.

Na daɗe ina juya wannan amsa a raina, kuma ban yarda cewa ƙarya ya yi ba. A kunnen Bahaushe, ciwo shi ne abin da ya kwantar da mutum ko ya hana shi fita nema. Wanda ke zuwa gonar gwaji da ƙafarsa, yana tsayuwa a sahu sau biyar, ba ya lissafa kansa cikin marasa lafiya, kuma ba ɗabi'armu ba ce mutum ya kira wa kansa cuta da bakinsa bayan Allah ya rufa masa asiri. Sai dai yarjejeniyar inshora ba ta san wannan kunya ba. An gina ta ne a kan cewa mai saye zai bayyana duk abin da ya sani wanda zai iya sauya lissafin kamfani, kuma a harshen takardar, duk lalurar da likita ya taɓa ganowa, ko ake shan magani dominta kafin ranar saye, tsohon ciwo ce, ko da mutum bai taɓa kwana a asibiti ba. Dillalin Kaduna, da duk jinkirinsa, da ya dubi furfurar Kawu ya ce, "Malam, babu hawan jini, babu ciwon suga?" Da an sami amsa ta gaskiya a take. Manhaja ba ta ganin furfura, ba ta maimaita tambaya, kuma an tsara ta ne domin mai saye ya isa wurin biya ba tare da ya tsaya ba. Aikin da dillali ke yi bai ɓace ba, ya dawo kan mai saye ne ba tare da an sanar da shi ba, kuma a ganina daga nan duk sauran matsalolin suka tsiro.

Akwai wani dalili kuma da ya sa Kawu bai buɗe cikakkiyar yarjejeniyar ba, wadda ta zo cikin imel ɗin a matsayin takarda ta biyu mai shafuka masu yawa. Zuciyarsa ba ta taɓa kwanciya da inshora ba. Ya san Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda gararin, wato rashin tabbas, da ke cikinta, ta kuma nuna inshorar taimakekeniya a matsayin mafita, don haka ya ɗauki wannan takarda a matsayin larurar biza, abin da za a miƙa ta taga a manta da shi. Ina girmama wannan taka-tsantsan, amma ya jawo masa asara iri biyu: bai nemi takaful ba, wato inshorar taimakekeniyar, duk da cewa tsarin ya faro tun 1979 a Sudan kuma Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, ta fitar da ƙa'idojinsa a Nijeriya tun 2013, sannan wadda ya saya ɗin ma bai san abin da ta ƙunsa ba. Ko takaful ɗin ce ya saya, tambayar tsohon ciwo tana nan, sharuɗɗan neman diyya ma suna nan.

Biza ta fito. Ya bar Samaru da asuba a mota zuwa Rigasa, ya hau jirgin ƙasa zuwa Abuja, da dare ya tashi, ya sauya jirgi a hanya, ya sauka Amstadam washegari. Babbar jakarsa ba ta sauka tare da shi ba. A nan ya yi abu guda daidai, bisa shawarar wani abokin tafiya: bai fita daga filin jirgin ba sai da ya je teburin cigiyar kaya aka cika masa takardar rahoto mai lamba. Yarjejeniyar Montiriyal ta 1999, wadda ta tsara alhakin kamfanonin jiragen sama a tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa, ta ba fasinja kwana 7 ya kai ƙorafi a rubuce idan kaya sun lalace, da kwana 21 daga ranar karɓa idan sun makara, kuma kamfanonin inshora ba sa sauraron batun jaka sai da wannan takarda. Abin baƙin ciki shi ne maganin hawan jininsa yana cikin jakar, haka ma kwafin takardar inshorar da aka buga.

Jakar ta kwana huɗu kafin ta iso. A Holan ba a sayar da irin wannan magani sai da takardar likita, shi kuwa, da nauyin baki irin na baƙo, bai gaya wa masu masaukinsa ba, ya ce kwana biyu ba za su yi kome ba. A rana ta uku da yamma, yana saukowa daga benen masauki, jiri ya ɗebe shi, ya faɗi, ya dafa ƙasa da hannun dama, ƙashin wuyan hannun ya karye. Wani abokin aikinsa ɗan ƙasar ya kai shi sashen gaggawa, aka ɗauki hoton ƙashi, aka yi masa ɗori, da aka auna jininsa kuma aka ga ya hau ƙwarai, sai likita ya riƙe shi kwana ɗaya yana lura da shi.

A gadon asibitin ne aka tambaye shi inshorarsa. Ya buɗe manhajar, ta ce ta ga yana shiga daga sabon wuri, don haka ta aika masa lambar tabbatarwa ta saƙon tes zuwa layinsa na Nijeriya. Layin yana cikin aljihun jakar hannu, domin ya cire shi ya sa na can, kuma ko da ya mayar da shi, saƙon bai shigo ba saboda bai buɗe masa damar aiki a ƙasar waje ba kafin ya taso. Ya gwada sau da dama har manhajar ta kulle shi. Lambar wayar gaggawa, wadda ita ce ran duk wata inshorar tafiya, tana rubuce a ƙasan takardar da ke cikin jakar da ba ta iso ba, tana kuma cikin imel da bai tuna kalmar sirrinsa ba, tunda 'yarsa ce ke buɗe masa. Abokin aikin nasa ya tsaya masa, daga baya kuma ya biya kuɗin asibitin da katinsa a matsayin rance.

Mu a Zariya sai washegari da hantsi labari ya iso mana. Yarinyar ta buɗe imel, muka ga lambar, muka kuma gano abin da ya kamata a sani tun daren farko, wato cewa ɓangarori uku ne a cikin lamarin. Manhajar 'yar tsakiya ce kawai, mai tallata hajar wasu. Mai ɗaukar alhakin diyya wani kamfanin inshora ne mai lasisi a Nijeriya, wanda sunansa ke rubuce da ƙananan baƙaƙe a ƙasan shaidar. Sannan akwai kamfanin agaji na ƙasar waje, mai amsa waya dare da rana, wanda aikinsa shi ne ya yi magana da asibiti, ya ba da tabbacin biya, asibitin ya aika masa lissafi kai tsaye ba tare da majinyaci ya fitar da ko kwabo ba. Da an kira su daga sashen gaggawa, da batun rance bai taso ba. Mun aika musu saƙo a daren ranar, amma an riga an sallame shi, an riga an biya, don haka lamarin ya tashi daga biya kai tsaye ya koma neman a mayar wa mutum kuɗin da ya kashe, wanda shi ne tafarki mafi tsawo da wahala.

Ya ƙarasa taron da hannu a rataye, ya dawo gida. Muka haɗa rasitan asibiti, da rahoton likita, da takardar cigiyar jaka, da rasitan tufafin sanyi da ya saya, da hoton shafukan fasfo masu hatimin shiga da fita, muka ɗora su a manhajar, wadda ta buɗe ba gardama da zarar layin ya dawo ƙasarsa. Bayan mako uku amsa ta zo: an ƙi biyan kuɗin asibiti gaba ɗaya, bisa hujja biyu. Ta farko, yarjejeniyar ta ce a sanar da kamfanin agaji cikin awa 24 da shiga asibiti, kuma saƙonmu ya wuce wannan wa'adi da 'yan awoyi. Ta biyu, rahoton likita ya ambaci hawan jini da aka daɗe ana sha wa magani, alhali an amsa a'a lokacin saye.

Hujjar farko ban karɓe ta ba, kuma har yau ina ganin ba ta dace ba. Kamfanin da ya sayar wa mutum inshorar fita waje, sannan ya ɗaure ƙofar shiga manhajarsa da layin wayar gida, shi ya gina katangar da ta hana a sanar da shi a kan lokaci. Allah ya taimake mu abokin aikin Kawu ya ɗauki hoton fuskar wayar a lokacin da take ƙin buɗewa, da lokaci a jiki. Na rubuta wa kamfanin inshorar kansa, ba manhajar ba, na haɗa da hotunan, na nemi su duba na'urarsu su ga yawan ƙoƙarin shiga da aka yi daga Holan a daren, na kuma ambata cikin ladabi cewa NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafin masu inshora, kuma za mu je can idan ta kama. Cikin kwana 10 suka janye wannan hujja.

Ta biyu ce ta fi nauyi, kuma a nan gaskiya ba ta gefenmu gaba ɗaya. Abin da aka yi ta ja a kai shi ne musabbabin faɗuwar. Idan santsi ne ko tuntuɓe, karayar haɗari ce tsantsa, kuma tana cikin abin da aka yi alkawarin biya. Idan kuwa jirin hawan jini ne ya kayar da shi, kamfanin na iya cewa karayar ma 'yar tsohon ciwo ce. Wani ya ba mu shawara mu ce tuntuɓe ya yi. Kawu ya ce, "Ɗana, amsar farko ban san na yi kuskure ba, wannan kuwa da sanina za a yi, ba da ni ba." Muka rubuta abin da ya faru yadda ya faru, muka ƙara da cewa yankewar maganin ta samo asali ne daga makarar jaka, wadda ita kanta tana cikin abubuwan da inshorar ta ɗauka. Kamfanin bai amince da wannan sarƙa dukkanta ba, amma ya raba lissafin gida biyu. Ya biya hoton ƙashi da ɗori da maganin zafi, bayan ya cire ɗan kason farko da yarjejeniyar ta ɗora wa mai inshora, ya biya tufafin da aka saya saboda makarar jaka har iyakar da aka ƙayyade, ya ƙi biyan kwanan asibiti da gwaje-gwajen zuciya da na jini. Kwanan asibitin ne ya fi tsada, don haka abin da ya dawo bai kai rabin abin da aka kashe ba. A ra'ayina suna da hurumin ƙin wannan ɓangare, shi ya sa ba mu kai ƙara ba. Da an danna e a daren farko, da ɗaya cikin biyu ya faru: ko a ƙara masa kuɗi a shigar da hawan jinin, ko a gaya masa ƙarara cewa ba ya ciki, ya san matsayinsa, ya sa maganinsa a aljihu.

Wata asarar ta ɓoye a cikin canji. Rancen da Yuro aka ci shi, diyyar kuwa da Naira aka biya, bisa farashin ranar da aka kashe kuɗin, mako 11 bayan haka. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin Naira a watan Yunin 2023, ta faɗi daga wajen 460 a Dala ɗaya a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, duk wanda ke bin kuɗin waje ya san mako 11 ba ƙaramin lokaci ba ne. Sai da Kawu ya cika daga albashinsa kafin ya sayi Yuron da zai mayar wa mutumin da ya rufa masa asiri.

Ɓangaren gida na tafiyar ya fito da wani gurbi da ba mu lura da shi ba sai da muka karanta. Inshorar tana fara aiki ne daga lokacin da ya bar Nijeriya, tana ƙarewa da zarar ya dawo, saboda haka hanyar Samaru zuwa Rigasa, da jirgin ƙasa, da kwanan Abuja, duk ba sa ciki, haka nan cire ɗori da gashin ƙashi da aka yi masa a Zariya, waɗanda inshorar lafiyarsa ta ma'aikacin gwamnatin tarayya ta rage masa nauyinsu. Ga mutumin Zariya kuwa, sau da yawa hanyar gida ita ce mafi ban tsoro a duk tafiyar. Babu wanda ya manta harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022, wanda ya tsayar da zirga-zirgarsa har watan Disambar shekarar. Manhajar da muke magana a kai tana sayar da inshorar tafiyar cikin gida da ɗan kuɗi kaɗan, kuma da na buɗe sharuɗɗanta na tarar ta ɗauki haɗarin mota, da jinyar gaggawa, da ɓatan kaya, amma ta ware yaƙi da ta'addanci da tarzoma a fili. Ba na cewa ba ta da amfani, domin haɗarin mota a titin Zariya zuwa Kaduna ko zuwa Kano abu ne da kowane gida ya san zafinsa. Abin da nake ƙi shi ne a tallata ta da kalmar kwanciyar hankali a babban rubutu, a ɓoye abin da aka ware a shafi na goma sha, cikin Turancin lauyoyi, ga jama'ar da da yawansu da Hausa suke lissafin rayuwarsu. Kamfanin da ya iya gina manhajar da ke karanta fasfo cikin daƙiƙa ba zai gagara sanya tambayar tsohon ciwo da Hausa ba, da misalan hawan jini da ciwon suga da asma a gabanta.

Na rubuta musu wannan shawara, da ta cewa su riƙa nuna lambar gaggawa a fuskar farko ta manhajar ba sai an shiga da lambar tabbatarwa ba. Sun amsa cewa sun miƙa wa sashen da abin ya shafa.

An sake gayyatar Kawu wani taro a Jamus a bana. Wannan karon mu uku muka zauna a falonsa, yarinyar tana karantawa, ina fassarawa, yana tsayar da mu yana tambaya, har muka kai ƙarshen yarjejeniyar, abin da ya ci mana kusan awa biyu. Ya nemi tsarin takaful, ya duba sunan kamfanin a jerin masu lasisi na NAICOM, ya amsa e a tambayar tsohon ciwo, aka nemi takardar likitansa, kuɗin suka ƙaru. Ya rubuta lambar gaggawa da lambar inshorar a ƙaramar takarda ya soke cikin rigar fasfo, ya ba abokin aikin da zai tarbe shi kwafi, ya je ofishin kamfanin layinsa a unguwar PZ ta Zariya aka buɗe masa damar karɓar saƙo a waje. Maganin wata guda yana cikin jakar hannu tare da takardar likita, kuma hannun daman, ko da yake yana yi masa tsami idan sanyi ya sauko, ya koma riƙe alƙalami.